Bangon da Na Ce Ba Ya Taɓuwa

Ranar Litinin da hantsi Auta ta shigo gidana da magini a bayanta, ta ce za a fasa bangon kicin a sa taga.

Ina zaune a tsakar gida da littafi a cinya. Na cire tabarau, na goge shi da bakin riga, na mayar. Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwar uwarta, kuma tun daga lokacin babu mai shiga kicin ɗin sai ni, in tafasa ruwa, in ƙona ƙwai, in fito. Auta ita ce ƙaramar 'yata, ita kaɗai ce a kusa. Yayyenta biyu sun yi nisa, sai waya ranar da suka tuna. Ita da mijinta sun yanke shawarar dawowa gidan nan da zama. Cewa suka yi gidan ya yi mini girma. Abin da suke nufi shi ne kada in mutu ni kaɗai sai wari ya sanar da maƙwabta. Shekara talatin da biyar na yi a maɗaba'a ina gyara rubutun mutane, na iya karanta abin da aka goge.

"Baba, ni fa ba zan iya girki a ramin nan ba," in ji ta. "Da rana tsaka sai an kunna fitila. Za a canza kabad, a sa tayil, a gyara famfo. Amma taga ce farko."

"Wannan bangon ba ya taɓuwa," na ce.

"Na sani, Baba. Shi ya sa na kawo wanda zai duba yadda za a tallafe shi."

Ta sani. Abin da ya dame ni ke nan, domin abin da ta sani ɗin ƙarya ne, ni kuma na ƙirƙire shi.

Kicin ɗinmu taku biyar ne a tsaye, taku uku a kwance. Ƙofa ɗaya gare shi, sai wata 'yar kafa can sama kusa da silin, wadda ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta bi. Bangon da ke gaban wurin wanke-wanke shi ne ya raba kicin da tsakar gida, kuma a gindinsa ta waje ake samun inuwa kusan yini guda. Nan kujerata take. Nan nake karatu tun shekarar da muka tare a gidan.

A shekara ta biyu uwar yaran ta fito wata rana, idonta jawur da hayaƙi, ta ce, "Malam, da za a fasa mini taga a nan, da na riƙa shan iska." Yatsana yana kan layin da nake karantawa. Ban ko ɗaga kai ba na ce mata bangon nan shi ke ɗauke da tankin ruwa da rabin rufin gida, in aka zare bulo ɗaya sai dai a tono mu. Maganar ta zo mini a shirye, kamar na taɓa karanta ta a wani wuri. Abin da na hango shi ne taga daidai saman ƙeyata, da murya tana kwararowa ta ciki: gishiri ya ƙare, ka ji abin da matar maƙwabci ta yi, tashi ka riƙe mini yarinyar nan. Awa biyu nake nema a yini, nawa ni kaɗai. Ban ga na nemi abu mai yawa ba. Har yau, in an matsa mini, ban gani ba.

Bayan shekara uku na hau sama gyaran bututun tanki, na ga da idona yana zaune daram a kan ginshiƙan banɗaki, bai ma san da bangon kicin ba. Na sauko, na wanke hannu, na koma kujerata.

Ta sake tambaya sau biyar ko shida cikin shekaru. Kowane karo sai in ƙara wa maganar ilimi. Har takarda na taɓa ɗaukowa na zana mata gidan, da kibiyoyi masu nuna yadda nauyi ke saukowa. Ta riƙe takardar da hannu biyu kamar sakamakon asibiti. Daga baya ta daina tambaya. Yara suka tashi da sanin cewa ba a buga ƙwallo a wannan bangon, ba a kafa masa ƙusa, ba a ma jingina da shi da ƙarfi.

Shekara shidanta na ƙarshe da tari ta yi su. Likita bai ce hayaƙin girki ba ne. Sau biyu na tambaye shi, bai ce shi ne ba. Bai kuma ce ba shi ba ne. Likitoci sun fi marubuta iya barin magana a buɗe.

Duk duniya Auta kaɗai ta rage da ke ɗaukar maganata kamar abin da aka buga aka ɗaure. In gardama ta haɗa ta da mijinta, ko a kan mene ne, sai ta ce, "Bari mu tambayi Baba." Ban da wannan, ban san me kuma ya rage mini ba. Ga shi ita ce ta kawo mini mutum da guduma.

Maginin tsoho ne, gajere, da jan fensir maƙale a bayan kunne. Rabin katangun layinmu shi ya ɗora su. Na zaci zai shiga ya yi ta ƙwanƙwasa bango yana kasa kunne kamar yadda suke yi don a ga sun yi aiki. Bai yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kabad ɗin kwanuka da ke rataye a saman wurin wanke-wanke. Ya daɗe yana kallonsa.

"Sai an sauke kabad ɗin nan," ya ce. "Kafin nan ba ni da ta cewa."

Aka sa ranar Asabar.

Kwana biyar ɗin da ke tsakani a shirye-shirye suka ƙare, wato a surutu. Surukina ma'aikacin ofis ne, mutumin kirki, abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan. A raina Mai Waya nake kiransa, don bai san komai ba sai ya tambayi wayarsa. Kullum in ya taso aiki sai ya zo ya durƙusa kusa da kujerata yana nuna mini hotuna: kicin da suka fi gidana duka girma, fari ƙal, waɗanda da gani ba a taɓa soya albasa a cikinsu ba.

"Baba, duba wannan. Teburin dutse ne a tsakiyar ɗaki, ana zagaya shi."

"A taku uku? Wa zai zagaya shi, ƙadangare?"

Ya yi dariya. Kullum sai ya yi dariya. Ba a iya faɗa da mutum irin wannan.

Suka kawo samfurin tayil guda shida, duka farare, kowanne da sunansa, suka jera a ƙasa suna gardama a kai har rana ta faɗi. Kafinta ya zo ya auna sau uku, ya samu lamba uku. Mai gyaran famfo ya leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya fito yana salati, ya ce wanda ya haɗa wannan bututun ya kamata a ɗaure shi. Na ce masa ni ne. Ya ce to, ai an yi ƙoƙari.

Ni ma ban zauna ba. Na ce a sa fanka mai zuƙe hayaƙi, ta fi taga aiki, na karanta. Na ce a shafa farin fenti, a ƙara ƙwan lantarki biyu, ɗakin zai yi haske kamar asibiti. Na ce in dole sai taga, a fasa ta a bangon baya.

"Bangon baya, Baba? Tsakaninsa da katangar maƙwabci ko hannu ba ya shiga. In buɗe in kalli me?"

"Taga don iska ake yin ta, ba don kallo ba."

"To iskar ta ina za ta bi?"

Halin uwarta ne na tambaya, sai dai ita ba ta iya dainawa ba.

Ranar Laraba suka kwashe kayan kicin zuwa falo. Ban san ɗaki mai taku biyar zai iya haɗiye kaya haka ba. Murafai goma sha huɗu da ba su da tukwane. Gwangwanayen madara cike da ƙusoshi, maɓallai, igiyoyi. Wuƙar da aka wasa har ta koma siririya kamar tsinke. Mai Waya ya ɗauko wata tsohuwar tukunya mai lotsattsen gindi zai jefa a buhun shara, na daka masa tsawar da ni kaina ta ba ni mamaki. Ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai. Ba tukunyar ce ta dame ni ba. Na dai samu wanda zan yi wa tsawa ne.

A ranar ne na ji su daga tsakar gida, suna magana a kicin. Ta wannan 'yar kafar ta sama magana kan fito in an ɗaga murya.

"Ni fa na hau na duba," in ji shi. "Kamar tankin ba a kan bangon nan yake ba."

"Kai ka hau ka duba. Kai da ko ƙwan fitila sai ka kalli bidiyo kake canzawa."

"Ba cewa na yi Baba ya yi kuskure ba."

"To me ka ce? Tun ba a haife ka ba yake gidan nan. In Baba ya ce bango na ɗauke da kaya, yana ɗauke da kaya. Kada in sake jin wannan maganar."

Na karanta layi ɗaya sau bakwai ban san abin da ya ce ba.

Ranar Alhamis da yamma na bi magini har inda yake aiki, wani gini da ba a kai ga rufi ba a ƙarshen layinmu. Na same shi zaune a kan tarin bulo yana kankare busasshen siminti daga cokalin gini.

"A'a, Maigida da kansa? Lafiya dai?"

"Lafiya. Magana ce a kan bangon nan."

"Ina ji."

"Kai ma ka san tsohon gini. Ba a san abin da ke ciki ba. In ka ce wa yarinyar nan akwai haɗari, za ta haƙura."

Ya ci gaba da kankara. "So kake in ce yana ɗauke da kaya."

"So nake ka yi taka-tsantsan."

"Maigida, ka fi ni karatu nesa ba kusa ba. Ni ko sunana sai na huta a tsakiya nake ƙarasa rubutawa. Amma tankinka a kan banɗaki yake. Katakon rufi kuma ta ɗaya gefen ya bi. Bangon nan ko hularka ba ya ɗauke da ita."

"Ko ƙwanƙwasa shi ba ka yi ba."

"Ban yi ba."

"To ta yaya ka sani?"

Ya hure ƙurar da ke kan cokalin. "Ni ba zan tsokano magana ba. In ba a tambaye ni ba, bakina a rufe. Amma in 'yarka ta dube ni ta tambaya, ba zan ɗora wa bango abin da ba ya ɗauke da shi ba. Gobe wani zai kira ni a kan bangon da da gaske yake riƙe da gida, in ce kada a taɓa, ya ce ai haka ka faɗa a gidan wane. Ya fasa, ya faɗo wa 'ya'yansa. Wa za a nema?"

"Ban zo wa'azi ba."

"Ban iya ba ma. Shawara ɗaya dai zan ba ka. Ranar Asabar ka fita. Ka je ka gai da wani aboki."

"Abokaina duk suna ƙarƙashin ƙasa. Kuma ba a haifi wanda zai kore ni daga gidana ba."

"To, Allah ya kai mu."

Na dawo gida ina tsara yadda zan kare kaina. Zan ce wanda ya sayar mana da gidan ne ya faɗa mini, ya kuwa daɗe da mutuwa, ba zai musa ba. Zan ce kowa na kuskure. Na shirya jimlolin, na gyara su, na sa musu waƙafi. Kuskure abu ne da ake yafe wa tsoho. Har na ɗan samu natsuwa.

Asabar da safe kafinta ya hau kan benci ya kwance ƙusoshin kabad ɗin, Mai Waya ya tallafa daga ƙasa, suka sauke shi suna nishi. Auta na riƙe da fitilar waya. Ni ina bakin ƙofa, magini na gefena.

Inda kabad ɗin ya tashi, fentin bai ga hayaƙi ba. Ruwan ɗorawa ne, tas, irin wanda muka shafa shekarar da muka tare, har na manta launin ɗakin ke nan. A kansa an zana murabba'i da jan fensir, layi huɗu miƙaƙƙu, an ja su da ma'auni. A tsakiya akwai facin siminti kamar tafin hannu. A gefe kuma rubutu, manyan haruffa masu karkata kamar za su faɗi.

Auta ta matsa da fitila ta karanta da ƙarfi. "Bulo inci shida. Ba kaya a kai. Aikin rabin yini." Ta karanta kwanan watan da ke ƙasa. Ta tsaya tana lissafi, ni kuwa na riga ta gamawa. Shekara goma sha tara.

Ta juyo ta kalli jan fensirin da ke bayan kunnen magini. "Baba magini, rubutun wa ne wannan?"

Ya kalle ni tukuna, kamar mai cewa ai na faɗa maka. Sannan ya ce, "Nawa ne, 'yata. Haka nake aiki. Duk bangon da na duba, sai na fasa tafin hannu ɗaya na ga cikinsa, in rubuta abin da na gani a jikinsa. Takarda ɓacewa take yi."

"Wa ya kira ka?"

"Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Maigida ya yi tafiya lokacin."

Na tuna tafiyar. Kwana goma aka tura mu wani gari buga takardun jarrabawa.

"Ta ce in duba mata bangon," ya ci gaba. "Na hau sama, na sauko, na fasa nan. Na ce mata uwargida, wannan ai kafin la'asar an gama, kafin Maigida ya dawo har fenti ya bushe. Sai ta ce in zana mata ta gani. Ta tsaya a nan inda kike, kamar tana wanke-wanke, ni kuma na auna daidai idonta na ja layi. Ta daɗe tana kallon zanen. Har na ɗauko guduma. Sai ta ce in bari."

"Don me?"

"Na tambaye ta. Cewa ta yi, 'Bar shi kawai. Ai ba bangon ba ne.' Daga nan ta ce in taya ta ciro kabad ɗin daga can gefe in kafa shi a nan. Ta ce in na faɗa wa Maigida ba ta yafe ba. Ban kuwa faɗa ba. Bango ne ya faɗa."

Na tuna dawowata daga wannan tafiyar. Na shiga kicin neman ruwa na ga kabad ya canza wuri. Na yi faɗa. Na ce ba na hana a rataya abu mai nauyi a wannan bangon ba? Ta ce, "Yi haƙuri, Malam. Nan ya fi mini kusa da hannu." Ta miƙo mini kofi.

Kafinta ya tuna yana da abin ɗaukowa a waje. Mai Waya ya dubi wayarsa, wannan karon ban ga laifinsa ba.

Auta ta kashe fitilar. "Baba," ta ce. "Ka sani?"

Jimlolina suna nan a shirye, da waƙafinsu. Tsohon mai gidan da ya mutu, kuskure, tsufa. Da za ta karɓa. Na ga a fuskarta tana roƙona in ba ta abin da za ta karɓa. Amma ga jan layi huɗu a bayanta, an ja su daidai idon matar da ba ta kai kafaɗata ba, kuma na yi shekara talatin da biyar ina cin abinci da gane ƙarya a rubuce.

"Na sani," na ce.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na faɗa."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini. Ta gyaɗa kai a hankali, kamar an faɗa mata farashin abu.

"Ina 'yar shekara takwas na fasa wa ɗan maƙwabta baki saboda ya buga ƙwallo a bangon nan," ta ce. "Na ce so yake ya kashe mana Umma."

Ta juyo ta dube ni.

"Ranar Laraba na zagi mijina saboda kai."

"Ba komai, ai ya wuce," in ji Mai Waya.

"Ba da kai nake ba." Ta juya wajen magini. "Baba magini, a fasa. A kan jan layin."

Mai Waya ya yi gyaran murya. "To amma ya yi ƙasa fa. Ke kin fi Umma tsawo, sai kin sunkuya. Kuma tayil ɗin da muka auna ba zai..."

"A kan jan layin."

Na fita na janye kujerata daga gindin bangon da kaina, kafin wani ya ce in janye. Na zauna can gefe da agogo a hannu. Magini ya fara da ƙarfe goma saura kwata. Ya bi layin da guduma da kurfi, a hankali, bulo bayan bulo, yana miƙa wa Mai Waya yana jerawa. Da bulon farko ya fita ta wajena, sai da na ɗaga kai na kalli rufin. Ni da na ƙirƙiri maganar. Shekara ashirin da bakwai ina faɗarta, ashe wani ɓangare nawa ya gaskata.

Babu abin da ya motsa. Ko tsattsagewa silin bai yi ba. Ya ɗora ƙarfe da kankare a saman ramin, ya daidaita gefuna, ya wanke hannu a bokiti. Ƙarfe biyu saura minti biyar. Awa huɗu da minti goma. Bai ma cika rabin yinin ba.

Da suka fita cin abinci na shiga. Rana ta faɗo cikin ɗakin a karon farko tun da aka gina shi, ta kuwa tona masa asiri. Silin baƙi ƙirin. Bangon da ke saman murhu ya yi kauri da maiƙo da toka, in ka sa farce sai ya nutse. A ƙasa, gaban wurin wanke-wanke, siminti ya lotsa wuri biyu, daidai ƙafa biyu. Na tsaya a wurin. Sai da na sunkuya sosai kafin idona ya zo daidai tagar. Tsakar gida ce kawai. Igiyar shanya, bishiyar lemo, da wurin da ƙafafun kujerata suka yi rami huɗu a ƙasa, kusa har in ka miƙa hannu za ka taɓa kafaɗar wanda ke zaune.

Sauran aikin ya ci mako uku. An kankare silin, an sa tayil mai suna na huɗu a cikin fararen nan shida. Kabad ɗin sababbi suna rufe kansu a hankali ba ƙara, Mai Waya ya nuna mini sau goma. Famfo ya daina ɗiga. Kowa ya shigo sai ya ce kai, kamar ba gidan ba, sannan ya tambayi me ya sa taga ta yi ƙasa haka. Auta takan ce haka aka auna.

Sun tare. Na mayar da kujerata inda take, don babu wata inuwar a gidan. Tagar a buɗe take yini, daidai saman ƙeyata. Ina jin ƙarar wuƙa a kan katako, ina jin ruwa, ina jin mai na tafasa. Murya ce ba na ji. In abinci ya sauka, mijinta take aikowa ya zagayo ta ƙofa ya ce, "Baba, an gama." Tana gaishe ni da safe, tana wanke mini kaya, tana tuna mini magani. Ba ta rage ni da komai ba. Shekaranjiya gardama ta haɗa su a kan shekarar da aka gina gidan, ya ce a tambayi Baba. Ta ce a duba takardun gida.

Na haɗu da magini a hanya, ya ce in yi ta nema wa uwar yaran gafara, in kuma nemi tawa, ai Allah na ji. Kowa ya ɗauka abin da ke cina ke nan, wai ban samu na ce ta yafe mini ba. Su yi ta ɗauka.

Haushinta nake ji. Shekara goma sha takwas tana ɗauko mini kofi daga wannan kabad ɗin, da zanen a bayansa. Sau biyu a cikin shekarun nan baƙi sun tambayi me ya sa kicin ba taga, na gyara zama na yi musu bayani, har da hannu ina nuna yadda nauyi ke saukowa, tana tsaye da faranti tana cewa, "Haka ne, ai shi ya san waɗannan abubuwan." Ta bar ni ina yi. Ta auna ni, ta ga girmana, ta rataya kwanuka a kai. Na yi faɗa da marubuta, na yi da editoci, na yi da masu maɗaba'a uku, duk a kan abin da bai kai ya kawo ba, yawanci kuma ni na yi nasara. Faɗa ɗaya ne ya kamata a yi da ni a kayar da ni, ita kuma ta ga ban cancanci ko wannan ba. Ta tafi da shi.

Da za a ba ni ita minti ɗaya, ba haƙuri zan fara ba ta ba. Cewa zan yi: ke, me ya hana ki fito tsakar gida ki fizge littafin nan daga hannuna, ki dube ni, ki ce mini maƙaryaci?